Darasin Wannan Wata: Tabon Lamba da Sauron Ambursa

Darasinmu na wannan wata ya shafi tarihi, ya kuma shafi lafiya. Yana da ɗan tsawo. Malaman aji suna iya raba shi zama biyu ko uku.

Kafin mu fara, ga wani ɗan aiki. In ka je kasuwar Tambuwal, ko ta Dogon Daji, ko ta Kebbe, ka nemi dattijon da ya haura shekara 60. Ka gaishe shi, ka roƙe shi ya naɗe hannun riga. A damtsensa za ka iya ganin wani tabo mai zagaye. Wannan shi ne tabon lamba. Lamba kuwa ita ce rigakafin agana, cutar da wasu ke kira ado, wasu kuma 'yan rani. Kada a haɗa shi da ɗan tabon da ke hannun yaranmu na yanzu. Nasu na rigakafin tarin fuka ne.

Yau babu agana ko'ina a duniya. Amma masassarar cizon sauro tana nan tare da mu. Duk damina sai ta kwantar da yara, wasu ba su tashi. Abin mamaki shi ne, kusan lokaci guda duniya ta ɗaura ɗamarar yaƙar cututtukan nan biyu, wato shekarun da ƙasashen Afirka ke karɓar mulkin kai daga hannun Turawa. Me ya sa aka ga bayan ɗaya, ɗaya ta gagara?

Rabin amsar yana wurin likitoci, domin halin cututtukan ba ɗaya ba ne. Sauran rabin yana wurin 'yan siyasa. A kan wannan rabin za mu fi tsayawa.

BAƘON DA BA A SO YA SHIGO GIDA BA

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, ƙasashe sun kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Ranar 7 ga Afrilu 1948 aka kafa reshenta mai kula da lafiya. Sunansa Hukumar Lafiya ta Duniya. Babban ofishinta yana birnin Janiba, a ƙasar Suwizalan. Aikinta shi ne ta haɗa kan ƙasashe wajen yaƙi da cuta, domin cuta ba ta tsayawa a bakin iyaka ta nuna takarda.

Hukumar ta raba duniya shiyya 6, kowace da ofishinta. Ofishin Afirka ya sha jinkiri. Ga dalili.

A wancan lokaci kusan duk Afirka tana hannun Turawa. Ingila na riƙe da Nijeriya. Faransa na riƙe da Nijar. Beljiyam na riƙe da Kwango. Fotugal na riƙe da Angola da Mozambik. A zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, ƙasashe irin su Indiya da Masar da Rasha suna ta sukar mulkin mallaka. An kuma ɗora wa Turawan mulki su riƙa aika rahoto a kan lafiya da ilimin mutanen da suke mulka.

To, Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Turawan mulki, musamman Faransa da Beljiyam, sun ji tsoron likitocin Majalisa. Likita yakan shiga ƙauye. Yakan ƙirga yaran da suka mutu. Yakan ga nisan da ke tsakanin gari da asibiti. In ya koma ya rubuta abin da ya gani, maganar za ta isa zauren Majalisa, masu neman mulkin kai su sami hujja.

Saboda haka a 1950 suka yi dabara. Ingila da Faransa da Beljiyam da Fotugal da Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu suka kafa wani kwamiti nasu na taimakon juna a aikin lafiya, noma da dabbobi. Ku riƙe shi da sunan Kwamitin Turawan Mulki, domin za mu sake gamuwa da shi. Manufar ita ce, in baƙo ya ce zai shigo ya taimaka, a ce masa ai masu gida sun riga sun fara.

Duk da haka ba su iya rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ƙasar Laberiya tana da 'yancinta, kuma wakilinta, Likita Joseph Togba, yana cikin waɗanda suka matsa sai an yi wa Afirka ofishi. A 1952 ofishin ya zauna a Barazabil. Wannan birni shi ne hedkwatar mulkin Faransa a tsakiyar Afirka. Wato baƙo ya shigo, amma an sauke shi a ɗakin da mai gida ke iya leƙawa. Shugaban ofishin na farko Bature ne ɗan ƙasar Holan. Na biyu ɗan Fotugal ne, ya riƙe shi daga 1954 zuwa 1964.

Ga wani abin dariya da ba na dariya ba. Kowa ya san Aljeriya a Afirka take. Amma da yake Faransa ta ce Aljeriya yankinta ce, sai aka sa ta a shiyyar Turai. Ba ta dawo shiyyar Afirka ba sai 1984.

GARDAMAR KAMPALA DA GWAJIN LARDIN SAKKWATO

A ƙarshen 1950 Hukumar Lafiya da Kwamitin Turawan Mulki suka kira taron masana a Kampala, ƙasar Yuganda. Akasarin masanan Turawa ne. Maganar da ke gabansu ita ce masassarar cizon sauro a Afirka. Sai suka rabu biyu.

Kashi na farko suka ce a yi hankali. Babban mutum a Afirka ya sha cizon sauro tun yana yaro, jikinsa ya saba, cutar ba ta cika kashe shi ba. In aka rage sauro na 'yan shekaru sannan kuɗi suka ƙare, sabon da jiki ya yi zai gushe. Ran da cutar ta dawo za ta kashe manya da yara.

Kashi na biyu suka ce wannan magana ta manta da wani abu. Kafin babba ya kai ga sabawa, yara nawa aka binne? Suka ce tun da an sami maganin feshi mai ƙarfi, zunubi ne a zauna ana kallo.

Kashi na biyu suka yi rinjaye. Aka yarda a yi gwaji a wurare daban-daban. Ɗaya daga cikin manyan wuraren gwajin nan shi ne yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi da Argungu. A lokacin lardinmu ɗaya da su. Daga Tambuwal, in ka bi hanyar Jega, ba wata tafiya mai nisa ba ce.

An fara aikin a 1954. Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da Hukumar Lafiya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani masanin sauro mai suna Likita Bruce-Chwatt yana cikin jagorori. Mutanen da aikin ya shafa sun haura 100,000.

Ga yadda dabarar take. Macen sauro ce ke cizo. In ta sha jini takan yi nauyi, sai ta sauka a bangon ɗaki ta huta. To, in an fesa wa bango magani, tana sauka sai gubar ta kama ta. Za ta mutu kafin ƙwayar cutar ta nuna a cikinta, balle ta kai wa wani. Aka raba yankin kashi 3, kowane kashi da irin maganinsa. Ɗaya daga ciki shi ne Di-Di-Ti. Wani kuma sunansa Diyaldirin. Ma'aikata suka bi gida gida da tulun feshi a baya.

Da farko abin ya yi kyau. Sauro ya ragu a ɗakuna. Jariran da ake samu da cutar a jini suka ragu. Amma kafin 1955 ta ƙare, sai aka lura da wani abu a garin Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Sauro yana sauka a bangon da aka fesa wa Diyaldirin, ya tashi lafiya lau.

Yaya aka yi haka? A cikin dubban sauro akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta da jurewa gubar. Feshi ya kashe sauran, ya bar su. Su kuma suka hayayyafa. Cikin watanni kaɗan jikokinsu suka cika gari. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar babban sauron masassara na Afirka ya gagari maganin feshi. Sunan Ambursa ya shiga littattafan likitoci na duniya ta wannan hanya. Har Ingila aka kai irin sauron don a yi nazarinsa.

Akwai wasu matsalolin da duk mutumin ƙauye zai gane. Da bazara mutane a waje suke kwana. Bayan damina ana sabon yaɓe, ya rufe maganin da ke bango. Manomi yakan yi bukka a gona. Makiyayi yakan tashi da ruga. Wani sauron ma in ya yi cizo waje yake fita ya huta. Aka koma ga Di-Di-Ti, aka ci gaba shekaru. Cutar ta ragu, amma ba ta yanke ba.

Yanzu ku duba abin da ke faruwa a can sama, a wannan shekara ta 1955. A watan Mayu, babban taron Hukumar Lafiya ya zauna a Meziko, ya yanke shawarar kawar da masassarar cizon sauro daga duniya. Amurka ta zuba kuɗi masu yawa, domin tana gasar neman abokai da Rasha. A ƙarshen shekarar aka yi taron masana a Ikko. Can aka ce Afirka ta kudu da Sahara ba ta shirya ba tukuna. Sauronta ya yi yawa, asibitocinta sun yi kaɗan, ma'aikata da hanyoyi babu. A bar ta da gwaje-gwaje.

Maganar sauro gaskiya ce, Ambursa ta nuna haka. Amma maganar rashin asibiti da ma'aikata tana da mai ita. Turawa sun ci Sakkwato tun 1903. Sun yi shekara fiye da 50 suna karɓar haraji da jangali. Waɗanda ba su gina asibitocin ba, su ne ke zaune a kujerar Afirka ranar da aka ce ba ta shirya ba. Shirin da aka kira na duniya duka ya tsallake nahiyar da cutar ta fi yi wa ɓarna.

MULKIN KAI YA ZO DA NASA RIGINGIMU

Kada mu ɗauka da Turawa suka sauka komai ya daidaita. Yadda aka rabu da su ya shafi lafiyar talaka ƙwarai.

A watan Satumba 1958 Faransa ta tambayi ƙasashen da take mulka: za ku zauna tare da mu, ko za ku tafi? A Nijar, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya ce a tafi, amma bai yi nasara ba. A Gini, Seku Ture ya ce a tafi, jama'a suka bi shi. Faransa ta fusata. Ta janye ma'aikatanta cikin gaggawa, har da likitoci, ta tsayar da taimako. Marar lafiya a Gini bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na Kwango ya fi muni. Ranar da ta sami mulkin kai, 30 ga Yuni 1960, babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya zama cikakken likita. Rikici ya ɓarke, likitocin Beljiyam da yawa suka gudu. Hukumar nan da aka hana shiga sosai a da, ita aka roƙa ta nemo likitoci daga ƙasashe daban-daban. Sojojin Nijeriya ma sun je can aikin kwantar da tarzoma.

A nan yankinmu matsalar ta iyaka ce. Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Dukansu suka zama cikakkun 'yan Hukumar Lafiya a shekarar. Amma kowace ta gaji tsarin uban gidanta. Nijar da 'yan uwanta masu Faransanci suka kafa ƙungiyarsu ta yaƙi da annoba, mai hedkwata a Bobo Julaso, kuma likitocin sojan Faransa ne ƙashin bayanta. Nijeriya ba ta ciki. Ƙasashe masu Ingilishi kuwa, maimakon su haɗu, rabuwa suka yi. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna, wadda a da ta Afirka ta Yamma ce, ta koma ta Nijeriya kaɗai a 1964.

Sai kuma rigimar bom. A watan Fabrairu 1960 Faransa ta fara gwada bom ɗin nukiliya a hamadar Sahara, cikin Aljeriya. Mutanen Arewa suka tsorata, domin daga can iskar hunturu ke busowa. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yi gargaɗi, Faransa ba ta ji ba. Bayan gwaji na uku, a watan Janairu 1961, Nijeriya ta kori jakadan Faransa. Ba da Nijar aka ɓata ba. Amma a tuna, Faransawa ne ke riƙe da yawancin aikin annoba a can.

Ku auna wannan da rayuwarmu. Bahaushen Illela da na Birnin Ƙwanni dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci. Ɗan ci-rani yakan sauko daga Adar da rani. Shanu sukan gangaro kudu neman ciyawa har dazukan Kebbe. Sanƙarau da agana da baƙon dauro suna bin waɗannan hanyoyi. Mutane a haɗe, ofisoshin lafiya a rabe, ɗaya na rubutu da Ingilishi ɗaya da Faransanci.

RANAR DA AKA ƘI ZAMA DA MASU WARIYA

Da ƙasashen Afirka suka yi yawa a Hukumar Lafiya, sai suka duba waɗanda ke zaune kusa da su a taron shiyya. Ga Afirka ta Kudu, inda Turawa 'yan tsiraru ke mulkin wariyar launin fata. A can asibitin baƙi daban, na farare daban. A watan Maris 1960 'yan sandanta suka harbe baƙaƙe 69 a garin Shafbil. Ga kuma Fotugal, wadda ta ƙi sakin Angola da Mozambik, tana yaƙi da masu neman 'yanci.

A 1963 wakilan Afirka suka ƙi zama da su, taron shiyya ya watse. A 1964 babban taron Hukumar ya ƙwace wa Afirka ta Kudu ikon jefa ƙuri'a, wakilanta suka fice. Ba a mayar mata ba sai 1994, shekarar da Nelson Mandela ya hau mulki. A 1966 aka dakatar da Fotugal daga harkokin shiyyar Afirka.

Wasu Turawa sun ce bai kamata a kawo siyasa cikin aikin lafiya ba. Wakilan Afirka suka amsa cewa gwamnatin da ke raba marasa lafiya bisa launin fata ita ta fara kawo ta. A ganina sun fi gaskiya. Amma abin ya zo da hasara. Taron da ya watse, a nan ne ake tsara aikin shekara. Talakawan Angola da Mozambik kuma sun yi shekaru a gefe, sai bayan da suka sami 'yanci a 1975.

Ribar ita ce kujeru sun canza hannu. A 1965 Likita Alfred Quenum na Dahome, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ofishin Barazabil. A 1973 ɗan Nijeriya, Farfesa Adeoye Lambo, ya zama mataimakin shugaban Hukumar ta duniya baki ɗaya.

Kwamitin Turawan Mulki fa? Shi ma ya koma hannun 'yan Afirka. Bayan an kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, sai ta gaje shi, da ofishi a Ikko. Makiyayanmu sun ga amfanin wannan. A 1962 aka fara babban shirin yi wa shanu allurar bushiya, Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru a tare. Saniyar da aka yi wa allura akan huda mata kunne don shaida. Bushiya ta yi sauƙi ƙwarai. Da shirin ya ƙare a 1976, ƙasashe suka yi sakaci, kowa ya koma harkarsa. A 1983 ta dawo Nijeriya ta share garke bayan garke. Dattawan Fulani ba su manta da wannan shekara ba. Sai a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya.

YADDA GASAR MANYA TA KASHE AGANA

Yanzu mu koma ga tabon dattijo.

Rasha ta yi fushi ta bar Hukumar Lafiya a 1949. Ta dawo a 1957, ta tarar Amurka ta riƙe tutar yaƙi da sauro. Sai ita ma ta nemi tata tutar. A 1958 ta kawo shawarar a kawar da agana, ta yi alkawarin ba da maganin lamba na mutum miliyan 25. A 1959 aka amince. Amma kuɗi suna wajen sauro, don haka shirin agana ya yi shekaru yana rarrafe.

Abin da ya motsa shi a yankinmu ya zo ta wata ƙofa. Sababbin ministocin lafiya na Afirka ta Yamma sun fi damuwa da baƙon dauro, wato ƙyanda, domin shi ke kashe yara da yawa. Amurka ta ƙago allurarsa. Ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso ta nemi a gwada a can, aka yi wa yara fiye da 700,000. Maƙwabta suka ce su ma suna so. Amurka kuwa tana neman shiga zuciyar sababbin ƙasashe kafin Rasha ta riga ta. Likitocinta suka ce, allurar baƙon dauro tana da tsada, kuma ba za ta kawar da cutar ba. Amma in an haɗa da lamba, ana iya gamawa da agana ɗungum.

Haka aka yi ciniki. Afirka ta sami abin da take so, masu kuɗi suka sami abin da suke so. A watan Nuwamba 1965 shugaban Amurka, Lyndon Johnson, ya amince. A 1967 aka fara aiki, kuma a ƙarshe ya game ƙasashe 20 na yamma da tsakiyar Afirka. Ofishin shirin yana Ikko. A wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta ƙarfafa nata shirin na duniya, inda Amurka da Rasha suka yi aiki a inuwa guda.

A lura da abu ɗaya. Wannan karo masu Ingilishi da masu Faransanci a lokaci guda suka tashi. Ana lamba a Sakkwato, ana yi a Tawa da Maraɗi. Cutar ta rasa inda za ta ɓuya ta dawo.

Dattawa za su tuna na'urar. Ba ta da tsinin allura. Ma'aikaci yakan taka ta da ƙafa, ta harba magani cikin fata, a yi wa ɗaruruwan mutane cikin sa'a guda. A Arewa, sarakuna ne suka tara jama'a. Umarni yakan sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Sanƙira ya yi shela, gari ya fito. A lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne ke kan gado.

Agana kuma tana da rauni irin wanda sauro ba shi da shi. A jikin mutum kaɗai take zama. Wanda ta kama ba ya ɓoyuwa, ƙurajen suna fuska. Lamba ɗaya tana tsare mutum shekaru. An kuma busar da maganin yadda zafin rana ba ya saurin lalata shi.

Rikicinmu na cikin gida ma ya shiga labarin. A watan Disamba 1966, ƙasa tana tangal-tangal, agana ta ɓulla a yankin Ogoja da ke gabas. Maganin lamba bai iso da yawa ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya ce tun da ba zai ishi kowa ba, a nemo duk mai cutar, a yi wa mutanen gidansa da maƙwabta da 'yan kasuwar da yake ci lamba. Wato a yi mata zobe, kamar yadda ake share gefen gona don kada gobarar daji ta shigo. Cutar ta mutu a wurin. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, amma dabarar ta riga ta fita, ta zama babbar hanyar aiki a duniya.

A watan Nuwamba 1969 aka yi lamba ta cikon miliyan 100, a ƙasar Nijar. A watan Mayu 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a duk yankin, a nan Nijeriya. Wanda ya ɗauke ta na ƙarshe a gari, daga mutum zuwa mutum, ɗan Somaliya ne, a 1977. Ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta yi shelar agana ta ƙare.

SAURO FA?

A 1969 Hukumar Lafiya ta yarda shirin kawar da masassara bai yiwu ba, ta koma maganar rage ta. An sake babban gwaji a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976. An haɗa feshi da raba ƙwayoyi. Sakamakon ya yi kama da na Birnin Kebbi: cutar ta faɗi ƙasa, da aka daina ta tashi. Daga nan masu ba da kuɗi suka juya baya shekaru masu yawa. Sai a watan Afrilu 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka sake ɗaukar alkawari. Bayan haka ne gidan sauro mai magani ya yawaita a ƙauyukanmu, daga baya kuma aka fara raba wa ƙananan yara magani wata wata da damina.

Rigingimun ba su ƙare ba. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Nijeriya ba sai Maris 2024, kuma kayan asibiti suna cikin abin da ya yi wuyar shiga can. A watan Janairu 2025 shugaban Amurka, Donald Trump, ya sa hannu a takardar fitar da ƙasarsa daga Hukumar Lafiya, ita da a lokacin ta fi kowa ba ta kuɗi.

Akwai kuma sabon labari. Yanzu an sami allurar rigakafin masassarar cizon sauro. A Jami'ar Okusfod ta Ingila aka ƙago irin wadda Nijeriya ta karɓa, a Indiya ake haɗa ta. Ba ta da ƙarfin lamba, rage haɗarin cutar take yi, don haka ba ta hana kwana cikin gidan sauro. Sau 4 ake yi wa yaro, ana farawa yana da wata 5. A watan Disamba 2024 aka fara yin ta a jihohi biyu. Ɗaya Bayelsa ce. Ɗayar kuwa Jihar Kebbi, inda Ambursa take. Mai jariri a Tambuwal ko Kebbe, in ya kai shi awo, sai ya tafi da katin rigakafi, ya tambayi ma'aikacin lafiya labarin wannan allura.